Yadda ake auna ingancin bankunan Musulunci, da abin da awon yake ɓoyewa

Ribar banki tana iya ninkawa ba tare da ko ma'aikaci ɗaya ya ƙara ƙwazo ba. A watan Oktoba na 2022 hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin ɗari, don haka duk bankin da ke lissafi da lira alƙalumansa suka kumbura, mai ƙoƙari da malalaci baki ɗaya. Haka aka gani a Najeriya bayan an saki naira a watan Yunin 2023, inda bankunan da ke riƙe da dala suka wayi gari da ƙatuwar riba a takarda alhali ba su sake komai a aikinsu ba. Shi ya sa masana harkar banki ba sa tsayawa a kan riba. Abin da suke tambaya shi ne: da ma'aikata da gine-gine da kuɗin jama'a da aka damƙa wa wannan banki, me ya fitar, kuma akwai wanda zai iya fitar da irinsa da abin da bai kai haka ba?

Wannan tambaya ta fi nauyi a bankin Musulunci. Mai ajiya a bankin da ke mu'amala da kuɗin ruwa an yanka masa abin da zai samu tun ranar da ya kawo kuɗinsa. Wanda ya zuba kuɗi a asusun mudaraba kuwa ba a yi masa alƙawarin ko sisi ba, abin da aka samu shi za a raba. Idan bankin bai iya juya dukiyar da kyau ba, aljihun mai asusun ne zai ji a jika. Kuma akasarin waɗannan bankuna a ƙasashe masu tasowa suke, tun daga gwajin da Ahmad El-Naggar ya yi a garin Mit Ghamr na Masar a 1963, zuwa Bankin Musulunci na Dubai a 1975, Bank Islam na Maleshiya da Islami Bank na Bangladesh duk a 1983, Bank Muamalat na Indonesiya a 1992, Meezan na Pakistan a 2002, har zuwa Jaiz da ya buɗe ƙofa a 2012 da rassa uku, a Abuja da Kaduna da Kano. Akasarinsu ƙasashe ne da kuɗinsu ke tangal-tangal, kotunansu ke jan shari'a, kuma jama'a da yawa ba su taɓa buɗe asusu ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta raba wannan adadi da wancan. A ɗauki kuɗin gudanarwa a raba da kuɗin shiga: bankin da ya kashe naira 60 kafin ya samu 100 ya fi wanda ya kashe 75 tattali. Ko a ɗauki riba a raba da kadarori, ko da jarin masu hannun jari. Wannan lissafi yana da amfani, kowa kuma yana iya yin sa, sai dai fuska ɗaya yake nunawa a lokaci guda, alhali banki yana haɗa abubuwa da yawa ya fitar da abubuwa da yawa.

Daga nan aka koma ga gwada banki da takwarorinsa. Wani masanin tattalin arziki a Ingila mai suna Michael Farrell ne ya aza tubalin a 1957, sannan a 1978 Charnes da Cooper da Rhodes suka mayar da tunaninsa tsarin lissafi da ake taƙaitawa da haruffan DEA. Mu ƙaddara bankuna biyu kowanne yana da ma'aikata 500 da ajiyar jama'a ta biliyan 100. Na farko ya ba 'yan kasuwa jarin biliyan 70, na biyu ya tsaya a biliyan 56. Za a ba na farko cikakken maki, a ba na biyu kashi 80 cikin ɗari, domin ga takwaransa nan ya nuna a aikace cewa ana iya fitar da fiye da haka da kayan aiki iri ɗaya. Idan bankunan sun kai hamsin, abubuwan da ake aunawa kuma sun kai shida ko bakwai, kwamfuta ce ke zana iyakar da zakarun suka kai, ta auna tazarar kowa daga wannan iyaka.

Akwai abin da mai karatu ya kamata ya riƙe a nan. Makin 100 ba ya nufin banki ba shi da ɓarna, yana nufin a cikin waɗanda aka tara babu wanda ya fi shi. Ko da dukkansu ragwaye ne, dole wani ya zo na ɗaya. Idan kuma bankunan kaɗan ne, abubuwan da ake aunawa suka yi yawa, kusan kowa sai ya fito da cikakken maki, domin kowanne zai samu ɓangaren da babu mai ja da shi. A Najeriya cikakkun bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa ana ƙirga su da yatsu: Jaiz, da TAJ da ya fara a 2019, da Lotus a 2021, da 'yan ƙalilan da suka biyo baya. Duk binciken da ya tara waɗannan kaɗai ya raba musu maki, sakamakonsa ba ya ɗaukar nauyin da ake son ɗora masa. Ga shi kuma wannan hanya ba ta san tsautsayi ba. Ambaliya, ko faɗuwar kuɗin ƙasa, ko kuskuren rubuta adadi, duk rashin iya aiki take ɗaukarsu. Don toshe wannan kafa ne aka fito da wata hanyar a 1977, wadda ake kira SFA, mai ƙoƙarin raba tsautsayi da sakaci. Ita kuma sai mai bincike ya fara ƙaddara siffar alaƙar da ke tsakanin abin da ake kashewa da abin da ake samu, in ya ƙaddara ba daidai ba, komai ya karkace.

A 1984 Banker da Charnes da Cooper suka ƙara wani gyara da ya raba laifin shugabanni da laifin ƙanƙanta. Ƙaramin banki dole ya sayi manhajar kwamfuta, ya biya masu binciken kuɗi, ya cika sharuɗɗan babban banki kamar yadda ƙato ke yi, amma kwastomomin da zai raba wa wannan nauyi kaɗan ne. Bincike da dama sun nuna cewa wani kaso na abin da ake kira rashin ingancin bankunan Musulunci daga nan yake fitowa. Indonesiya ta ɗauki wannan da gaske: a watan Fabrairun 2021 ta haɗe bankunan Musulunci uku mallakar bankunan gwamnati suka zama Bank Syariah Indonesia. A Najeriya ma ana iya ganin tazarar a sharaɗin jarin da Babban Banki ya sanar a watan Maris na 2024, naira biliyan 20 ga bankin da ba ya karɓar kuɗin ruwa mai lasisin ƙasa baki ɗaya, biliyan 200 ga takwaransa na kasuwanci.

Haɓakar aiki daga shekara zuwa shekara kuwa da ma'aunin Malmquist aka fi auna ta, wanda ya samo suna daga wani masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Suwidin. Yana raba ci gaba gida biyu: ko bankin ya matso kusa da zakarun, ko kuwa su zakarun ne suka ƙara gaba. Lokacin da hada-hada ta wayar salula ta bazu, iyakar kanta ce ta matsa, har bankin da ya gyara aikinsa sosai yana iya ganin makinsa ya sauka don na gabansa sun fi shi sauri.

Duk wannan lissafi ne da aka ƙera shi don bankin da ke karɓar ajiya ya ba da rance da ruwa. Matsalar tana farawa ne idan aka zo zaɓen abin da za a zuba masa.

Ɗauki asusun mudaraba. Shin bashi ne a kan banki kamar ajiyar yau da kullum, ko jari ne? Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara wa bankunan Musulunci ƙa'idojin lissafi, wadda aka kafa a 1991, ta ba shi gurbi na daban tsakanin bashi da jarin masu banki. Maleshiya kuwa ma'aunin lissafi na duniya take bi, kuma dokarta ta 2013 ta raba ajiya da asusun zuba jari. Ke nan banki ɗaya, da aiki ɗaya, zai iya samun maki biyu mabambanta gwargwadon ƙasar da ya rubuta littattafansa. Mai binciken da ya kwaso alƙaluma daga ƙasashe ashirin ya zuba su wuri guda ba tare da ya daidaita wannan ba, ya riga ya yi kuskure tun kafin ya taɓa kwamfuta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake lissafa rabon masu ajiya. A bankin kuɗin ruwa, abin da ake biyan mai ajiya tsadar kuɗi ne, rage shi tattali ne. Masu bincike da yawa sai su ɗauki rabon ribar da bankin Musulunci ya ba abokan mudarabarsa su sa shi a wannan gurbi. Sakamakon haka, bankin da ya yi adalci ya ba su kaso mai tsoka sai ya fito a mai ɓarna, wanda ya tsuke hannu kuma ya fito a gwani. Pakistan ta nuna wannan ƙarara. Shekaru da dama babban bankin ƙasar yana tilasta wa bankunan kuɗin ruwa su biya mai asusun tanadi wani mafi ƙarancin kaso, amma dokar ba ta hau kan bankunan Musulunci ba. Da kuɗin ruwan babban banki ya kai kashi 22 cikin ɗari a 2023, bankunan Musulunci suka samu riba mai yawa daga sukuk na gwamnati, wato takardun zuba jari irin na Musulunci, abin da suke miƙa wa masu ajiya kuma bai kai na takwarorinsu ba. A takarda sun yi fice. Sai a ƙarshen 2024 babban bankin ya gindaya musu nasu ƙa'idar ta mafi ƙarancin abin da za su raba. Wanda ya duba makin waɗancan shekaru kaɗai zai yaba wa shugabannin, bai san wani ɓangare na yabon daga aljihun masu ajiya aka ciro shi ba.

Akwai kuma akasin haka. Idan shekara ta yi muni, banki yakan haƙura da wani abu daga nasa kason, ko ya ɗebo daga asusun da ya ware a shekarun yalwa, don kada masu ajiya su gudu zuwa inda ake biyan ruwa. Wannan yana daidaita alƙaluman har a kasa gane shekarar da aka yi ƙoƙari da wadda aka sha ƙasa.

Yanzu mu duba ciniki guda ɗaya kusa da kusa. Ɗan kasuwa yana son motar ɗaukar kaya. A bankin kuɗin ruwa takarda ɗaya ce: ga kuɗi, ga ruwan da ke kai, sa hannu. A murabaha sai ya kawo takardar farashi daga dillali, ya rubuta alƙawarin zai saya. Bankin ya tura ma'aikaci ya ga motar da idonsa, ya duba lambar inji, ya biya dillali, motar ta shiga mallakarsa. Tsakanin wannan lokaci da sa'ar da zai sayar wa ɗan kasuwar, in motar ta ƙone, asarar banki ce. Sannan a zauna a ƙulla ciniki na biyu, a faɗi kuɗin saye, a faɗi ribar da aka ɗora, a yanka lokutan biya. Idan ma'aikaci ya yi gaggawa ya sa aka rattaba hannu a kan sayarwa kafin bankin ya mallaki motar, masu binciken shari'a za su iya soke ribar, a fitar da ita sadaka. In kuma ɗan kasuwar ya yi jinkirin biya, bankin ba zai ƙara masa farashi ba, tarar da aka ci shi ma galibi ba ta shiga ribar banki. Kowane mataki a nan albashin wani ne, da man mota, da lauya, da zaman majalisar malamai. Lissafin inganci yana ganin kuɗin da aka kashe, amma ba shi da gurbin da zai rubuta abin da aka saya da su, wato halascin cinikin, wanda shi ne ya kawo kwastoman tun farko.

Murabaha ma ita ce mai arha. Musharaka da mudaraba, inda banki ke shiga kasuwanci a raba riba da asara, suna buƙatar a riƙa leƙa shago, ana duba littafin ciniki a kasuwannin da yawancin 'yan kasuwa a ka suke riƙe lissafinsu. A ɗaya gefen kuma akwai tawarruƙi da aka tsara, inda ake sayen haja a sayar cikin daƙiƙu ta kwamfuta, kwastoma ya tashi da tsabar kuɗi da bashin da ya fi su. Maleshiya ta buɗe dandali na musamman don irin wannan ciniki a 2009, Bursa Suq Al-Sila', aka fara da manja. A wannan shekarar ce kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa tawarruƙin da aka tsara bai halatta ba, ko da yake malaman Maleshiya suna da nasu ra'ayin. Ba hurumina ba ne in raba gardamar malamai. Abin da nake nunawa shi ne, idan aka sa bankin tawarruƙi da bankin musharaka a ma'auni ɗaya, na farko ne zai yi nasara kusan kullum, domin ya fi kama da bankin da aka ƙera ma'aunin dominsa. Wani bincike da Chong da Liu suka wallafa a 2009 ya gano cewa kason jarin raba riba da asara a bankunan Musulunci na Maleshiya ɗan mitsitsi ne, kuma ribar masu ajiya tana bin sawun kuɗin ruwan sauran bankuna. Idan masu hannun jari da hukumomi suka ci gaba da saka wa shugabanni da wannan maki kaɗai, to suna tura su ne zuwa ga wannan kamanceceniya.

Sai batun kuɗin da ke kwance. Bankin kuɗin ruwa in rara ta kwana masa, zai ba wani banki rance na dare ɗaya ko ya sayi takardun bashin gwamnati. Bankin Musulunci a ƙasar da ba ta da sukuk na gajeren zango haka zai zuba wa kuɗin ido. Wannan ne ya sa manyan bankunan wasu ƙasashe, har da Babban Bankin Najeriya, suka kafa hukumar IILM a Kuala Lumpur a 2010, don ta riƙa fitar da irin wannan sukuk na gajeren zango. Gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta fitar da sukuk ba sai a watan Satumban 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, wato Jaiz ya yi sama da shekara biyar yana aiki kafin nan. Makin waɗancan shekaru yana ɗauke da laifin da ba na bankin ba.

To me binciken ya gano? Beck da Demirgüç-Kunt da Merrouche, a aikin da suka wallafa a 2013, sun samu cewa bankunan Musulunci sun fi kashe kuɗin gudanarwa, amma sun fi kaurin jari, kadarorinsu sun fi lafiya, kuma sun fi mayar da ajiya zuwa jari ga jama'a. Hasan da Dridi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya sun nuna cewa a 2008 bankunan Musulunci sun fi jure girgizar tattalin arzikin duniya, amma a 2009, da matsalar ta sauko kan gidaje da kasuwanci na zahiri, ribarsu ta fi faɗuwa. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne na Johnes da Izzeldin da Pappas, da ya duba shekarun 2004 zuwa 2009, domin ya raba tambayar gida biyu. Manomin tudu da manomin fadama, in ka ƙirga buhunansu kawai, ba ka san wa ya fi iya noma ba, sai ka fara gwada kowanne da maƙwabtansa masu irin ƙasarsa, sannan ka gwada tudun da fadamar. Da suka yi haka, sai suka ga tsarin bankin Musulunci shi kansa yana da tsada, amma shugabanninsa sun fi matsowa kusa da iyakar abin da tsarin zai iya bayarwa, har jimillar ta zo kusan kunnen doki da sauran bankuna.

Ko a cikin gida ma gwajin yana da tarko. Reshen Musulunci na babban bankin kasuwanci, irin Maybank Islamic a Maleshiya, yana amfani da rassa da na'urori da ma'aikatan uwar kamfani. Yadda aka raba wannan kuɗi tsakanin uwa da ɗa shi zai nuna ko reshen zai fito da arha. Gwada shi da bankin da ya gina komai da kansa sai an yi hattara.

Haɗari mafi girma shi ne bankin da ya daina tantance masu karɓar jari. Ya rage ma'aikatan bincike, ya yi ta rabon kuɗi, sai kashe-kashensa su ragu, abin da ya fitar ya ƙaru, makinsa ya haura, har ranar da basussukan za su ruɓe. Ihlas Finans na Turkiyya ya durƙushe a 2001 da kuɗin dubban masu ajiya. Bank Islam na Maleshiya ya tafka asarar da ta haura ringgit biliyan ɗaya a 2006. Islami Bank na Bangladesh, wanda ya daɗe yana cikin manyan bankuna masu zaman kansu a ƙasar, an sauya shugabancinsa a 2017, kuma a watan Agustan 2024 babban bankin ƙasar ya rushe hukumar gudanarwarsa bayan zarge-zargen ba da maƙudan kuɗi ga kamfanonin da ke da alaƙa da masu iko da shi. Saboda irin wannan ne masu bincike na baya-bayan nan suke sa basussukan da suka maƙale a cikin lissafin a matsayin mugun sakamako da ke rage maki. A ganina duk awon da bai yi haka ba bai cancanci a kafa hujja da shi ba.

Wasu masana a Maleshiya, Mustafa Omar Mohammed da abokan aikinsa, sun gwada wata hanya a 2008. Suka ɗauko rabe-raben manufofin shari'a na Shaihu Muhammad Abu Zahra, wato tarbiyyar mutum, tsayar da adalci, da jawo maslaha, suka nemi adadin da zai wakilci kowanne: abin da banki ya kashe a ilimi da horo, kason jarinsa da ke kan raba riba da asara, zakkar da ya fitar, da abin da ya zuba a harkokin samar da kaya na zahiri. Wannan ma'auni yana da rauninsa. Nauyin da za a ba kowane ɓangare ra'ayin mutane ne, kuma yawancin bankuna ba sa bayyana waɗannan alƙaluma dalla-dalla. Amma raunin na biyu yana da magani a hannun hukuma. Babban banki yana iya wajabta wa kowane bankin Musulunci ya wallafa jarinsa kashi-kashi bisa nau'in ciniki, nawa ne murabaha, nawa ijara (wato haya), nawa musharaka, nawa tawarruƙi, ya faɗi kason ribar da ya riƙe a matsayin mai juya kuɗi da wanda ya miƙa wa masu asusu, da adadin kuɗin da masu binciken shari'a suka ce a fitar sadaka, da yawan ƙananan 'yan kasuwa da manoman da suka samu jari. Wasu daga cikin waɗannan suna nan a bayanan ƙarshen rahoton shekara na bankuna da dama, bayan shafukan hotunan shugabanni, kuma mai asusun mudaraba yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa su a reshen da yake ajiya.